Sharhin fim ɗin Dhokha: ɗan bindiga ya shiga gida, amma fargaba ba ta biyo shi ba

A ranar 23 ga Satumba, 2022, ƙungiyar masu manyan gidajen sinima ta Indiya ta karya farashin tikiti zuwa rupi 75 kacal domin bikin ranar sinima ta ƙasa, kuma jama'a suka yi tururuwa zuwa kallo irin yadda aka daɗe ba a gani ba tun bayan annobar korona. Ɗaya daga cikin sababbin finafinan da suka ci gajiyar wannan rana shi ne Dhokha: Round D Corner, wanda Kookie Gulati ya ba da umarni, kamfanin T-Series kuma ya ɗauki nauyinsa. Ranar farko kujeru sun samu masu zama, amma da gari ya waye farashi ya koma yadda yake, sai ciniki ya faɗi warwas, domin waɗanda suka kalla ba su fito suna kwaɗaita wa 'yan'uwansu ba. Daga baya fim ɗin ya hau Netflix, kuma ta nan ne da yawa daga cikinmu da ke nesa da Indiya muka same shi. Na kalle shi da kyakkyawan zato, kuma na fito da irin takaicin da masu kallo na can suka fito da shi, wato takaicin ganin an samu labari mai kyau a hannu an kasa riƙe shi.

Labarin yana faruwa ne a birnin Mumbai. Yatharth Sinha, wanda R. Madhavan ya fito a matsayinsa, da matarsa Saanchi, wadda Khushalii Kumar ta fito a matsayinta, ma'aurata ne da aka fara nuna su cikin soyayya, sannan nan take aka nuna cewa zaman ya yi tsami har maganar rabuwa ta taso. Yatharth ya tafi wurin aiki, sai ya ga a labaran talabijin cewa wani da ake zargi da ta'addanci ya kuɓuce daga hannun 'yan sanda ya afka cikin wani gidan bene, ya yi garkuwa da wata mata. Gidan nasa ne, matar kuma tasa ce. Mutumin da ya shiga shi ne Haq Gul, ɗan yankin Kashmir, wanda Aparshakti Khurana ya fito a matsayinsa, shi kuma jami'in da ke jagorantar 'yan sandan da suka kewaye ginin shi ne Sufeto Malik, wato Darshan Kumar. Da mijin ya iso, sai ya shaida wa 'yan sanda cewa matarsa tana fama da larurar ƙwaƙwalwa mai sa mutum ya gaskata abin da bai faru ba, kuma idan ba ta sha maganinta ba za ta iya zama haɗari. A cikin gida kuwa, Saanchi tana gaya wa wanda ya tsare ta cewa lafiyarta ƙalau, mijinta ne yake neman likitar da ke duba ta, su biyun suka haɗa baki domin a mayar da ita mahaukaciya. Haq ma yana da nasa bayanin, cewa shi ba ɗan ta'adda ba ne, ƙulla masa sharri aka yi, alhali Sufeto Malik yana rantsuwa cewa horarren makashi ne.

Duk wanda ya ji wannan shimfiɗa zai yarda cewa akwai fim a cikinta. Mutum huɗu, kowa da nasa zancen, biyu a kulle cikin gida ɗaya da bindiga a tsakaninsu, biyu a waje suna jiran abin da zai faru, kuma babu wanda mai kallo zai iya dafa kafaɗarsa ya ce wannan ne mai gaskiya. Wannan shi ne abin da tirelar fim ɗin ta sayar, kuma shi ne ya sa mutane suka sayi tikiti. Amma irin wannan fim, na baƙon da ya kutsa gida da makami, yana da sharaɗi guda da ba a yi masa ragi: dole mai kallo ya ji tsoro a madadin wanda aka tsare. Gida shi ne wurin da mutum yake cire takalmi ya saki jiki, saboda haka idan mugu ya shigo cikinsa, ƙofar da aka saba rufewa domin kariya ita ce take zama abin da ya hana gudu. Idan darakta ya kasa dasa wannan tsoro a zuciyar mai kallo, duk wata dabara da zai kawo daga baya ba za ta tsaya da ƙafarta ba.

A nan ne Dhokha ya fara sakin layi, kuma da wuri ya sake shi. Ba a daɗe da shigar Haq gidan ba, Saanchi ta daina nuna alamar cewa ranta yana cikin haɗari. Ta koma yi masa magana a tausashe, tana matsowa kusa da shi, tana gyara sarinta ta yadda za ta ja hankalinsa, kyamara kuma tana bin jikinta fiye da yadda take bin fuskarta. Ana iya cewa dabara ce ta macen da ba ta da wani makami sai wayonta, kuma da an gina abin a hankali, da an nuna hannunta yana rawa a bayanta yayin da bakinta yake murmushi, da ya zama sashe mafi ƙarfi a fim ɗin. Amma ba a nuna mana wannan tsoro na ɓoye ba ko sau ɗaya ta yadda za mu gaskata shi. Sakamakon haka bindigar da ke hannun Haq ta zama kayan ado. Yana ɗaga ta, yana daka tsawa, amma mai kallo ya riga ya gane cewa ba za a harba ta ba sai lokacin da marubuci ya ga dama, kuma daga wannan lokacin zuciya ta daina bugawa.

Matsala ta biyu ta fi ta farko girma, domin ta shafi ginin fim ɗin gaba ɗaya. Daraktan ba ya iya haƙurin zama cikin gidan. Da zarar zance ya fara zafi tsakanin Saanchi da Haq, sai a yanke a kai mu waje wurin mijin da sufeto, daga nan a kai mu wurin 'yan jaridar talabijin da ke ihu a gaban kyamarorinsu, daga nan a waiwaya baya a nuna wani abu da ya faru watannin da suka wuce kamar yadda miji ya ba da labarinsa, sannan a sake nuna shi kamar yadda matar ta bayar. Abin ya zama kamar tukunyar da ake ta buɗe murfinta kafin ta tafasa. Har fim ɗin ya ƙare ban iya zana taswirar gidan a kaina ba: ina ƙofar fita take daga inda suke zaune, taku nawa ne tsakanin Saanchi da kicin inda za ta iya samun wuƙa, wace taga ce 'yan sanda suke iya hangowa daga ƙasa. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne jarin irin wannan fim, domin su ne suke sa mai kallo ya riƙa lissafi tare da wanda aka tsare, yana cewa a ransa yanzu ne ya kamata ta ruga, ko kuma kada ta kuskura ta motsa. A Dhokha gidan bango ne kawai da kujeru masu tsada, ba a ba shi wani aiki ba.

Ba wai masana'antar finafinan Hindi ba ta san yadda ake wannan aiki ba ne, kuma dole a kawo misalin Kaun domin a ga bambancin. Fim ne na 1999 da Ram Gopal Varma ya ba da umarni, Anurag Kashyap ya rubuta, aka ɗauke shi cikin kwana 15 a gida ɗaya da 'yan wasa uku, Urmila Matondkar da Manoj Bajpayee da Sushant Singh, babu waƙa ko ɗaya, tsawonsa kuma kusan awa ɗaya da rabi. Wata budurwa ce ita kaɗai a gida ana tafka ruwan sama, ta ji a talabijin cewa akwai makashi da ke yawo a gari, sai aka danna ƙararrawar ƙofa. Mutumin da ke waje yana neman wani mai gida da ta ce masa ba a nan yake ba, amma ya ƙi tafiya. Yana magana da ladabi, yana roƙo, yana dariyar da ba ta da dalili, ya koma ya sake danna ƙararrawa. Domin ta kore shi, sai ta yi masa ƙaryar cewa mijinta yana barci a sama. Sai ya amsa mata da cewa ai ga mijin nata can ya farka, ya hango shi, ta kira masa shi su yi magana.

Wannan amsa guda ɗaya ta fi duk tsawar da aka daka a Dhokha tayar da tsigar jiki. Budurwar ta san ba ta da miji a sama, mu ma mun sani, saboda haka ko dai baƙon yana ƙarya domin ya firgita ta, ko kuwa da gaske akwai wani a cikin gidan da ba ta san da shi ba. Nan take bayan ƙofar da ta kulle ya zama wuri mafi haɗari fiye da gabanta, kuma da ta ji motsi a ciki, ita da kanta ta buɗe ta fito wurin mutumin da take gudu. Ba a kai mu ofishin 'yan sanda ba, ba a waiwaya baya an nuna yarintarta ba, an bar mu da ita da ƙofa da muryar da ke bayan ƙofar. Shi ma Kaun yana da juyin labari a ƙarshe, babba ma kuwa, amma idan mutum ya sake kallonsa zai ga cewa an ajiye alamomin tun daga farko, shi ne bai lura ba. Shekara 23 ke tsakanin finafinan biyu, na baya ya fi kuɗi da kayan aiki, amma na farkon ne ya san abin da yake so ya yi da mai kallo.

Idan aka dawo kan Dhokha, abin da ke faruwa a waje bai fi na ciki gamsarwa ba. Madhavan ɗan wasa ne da ya ƙware wajen fitowa a mutumin kirki mai fuskar aminci, kuma an zaɓe shi ne domin wannan fuskar ta sa a yi ta kokwanto, shin mijin da aka zalunta ne ko kuwa maƙiri ne mai iya baki. Tunanin yana da kyau, amma an bar shi yana tsaye a gindin bene yana hira da sufeto cikin natsuwar da ba ta dace da mutumin da aka ɗora wa matarsa bindiga ba. Idan natsuwar alama ce ta cewa yana da hannu a wani abu, to an tona asiri da wuri, idan kuma ba alama ba ce, to wasan bai kai ba. Aikin 'yan sandan ma bai yi kama da na hukumar da ta kewaye wanda take kira ɗan ta'adda mai haɗari ba. Miji yana shiga tsakiyar tattaunawa yadda ya ga dama, 'yan jarida suna nan kusa, sufeto ɗaya ne yake yanke kusan kowace shawara, a birnin da ya ga harin ta'addancin Nuwamba 2008 kuma ya san yadda ake ɗaukar irin wannan lamari da muhimmanci. Darshan Kumar yana da kwarjini, amma rawar da aka rubuta masa ba ta wuce ɗaure fuska da jefa baƙar magana ba.

Sai kuma juye-juyen ƙarshe, waɗanda ba zan bayyana su ba saboda wanda bai kalla ba. Abin da zan iya faɗa shi ne an tara su a mintunan ƙarshe, wani a kan wani, kowanne yana rushe wanda ya gabace shi kafin mai kallo ya gama haɗiye shi. Akwai bambanci tsakanin darakta ya ɓoye gaskiya a wurin da mai lura zai iya tsinto ta, da kuma ya nuna abu a matsayin wanda ya faru sannan daga baya ya ce bai faru ba. Na farko yana sa mutum ya dafe kai ya ce ashe haka ne, na biyun kuwa yana sa shi ya ji cewa lokacin da ya ɓata yana tunani da auna maganar kowa ya tafi a banza, tunda ba a taɓa ba shi abin da zai auna da shi ba. Ina ganin wannan shi ne asalin ɓacin ran masu kallo. Ba su ƙi a ba su mamaki ba, domin mamakin suka je nema, amma sun so idan sun waiwaya su ga hanyar da aka biyo da su.

Akwai abu biyu da suka fi damuna fiye da raunin fasaha, domin sun taɓa rayuwar mutane na gaske. Na farko shi ne yadda aka ɗauki larurar ƙwaƙwalwa. Cutar da aka jingina wa Saanchi cuta ce da likitoci suka sani, mai sa mutum ya riƙe wani imani na ƙarya da ƙarfi, kamar cewa abokin zamansa yana cin amanarsa ko ana shirya masa makirci, alhali a sauran al'amuransa yana iya zama daidai da kowa. Iyalan da suke da irin wannan majinyaci suna shan wahala ƙwarai, kuma a ɗaya ɓangaren akwai matan da ake yi wa ƙazafin hauka domin a rufe musu baki. Dukkan ɓangarorin biyu labari ne mai nauyi da ya cancanci a tsaya a kansa. Fim ɗin bai tsaya a kan ko ɗaya ba. Ya mayar da ciwon abin wasa da hankalin mai kallo, ya haɗa shi da yaudara da kwarkwasa, ta yadda wanda bai san komai a kan larurar ba zai tashi da fahimtar cewa mace mai irin wannan ciwo makira ce da ya kamata a ji tsoronta.

Na biyu shi ne Haq Gul. Kashmir yanki ne mai rinjayen Musulmi da Indiya da Pakistan suke jayayya a kansa tun 1947, an shiga tawaye da makami a cikinsa tun 1989, kuma a watan Agustan 2019 gwamnatin Indiya ta soke matsayin cin gashin kai da kundin tsarin mulki ya ba shi. Saurayin da ya fito daga can, ya zo babban birni, aka kama shi da zargin ta'addanci yana cewa ba shi da laifi, ba ƙaramin al'amari ba ne a ƙasar. Fim ɗin ya buɗe wannan ƙofa, ya bar mu muka fara tausaya masa, sannan ya yi amfani da shi kamar yadda ya yi amfani da ciwon Saanchi, wato a matsayin wata dabara ta ƙara rikita lissafi. Abin da ya ƙara min takaici shi ne a nan ne wasa mafi kyau yake. An san Aparshakti Khurana da fitowa a abokin jarumi mai ban dariya, amma a wannan fim ya sauya gaba ɗaya: ya koyi karin harshen mutanen Kashmir, idanunsa ba sa zama wuri ɗaya, muryarsa tana tashi da fushi ta kuma karye kamar ta yaron da ya ɓata a kasuwa. A duk mutum huɗun shi kaɗai ne na gaskata cewa yana jin tsoro. Wannan ma ya nuna inda aka yi kuskure, tunda mai riƙe da bindiga ya fi wadda aka tsare firgita, kuma fim ɗin bai gane cewa wannan shi ne labarin da ya kamata ya bi ba.

Game da Khushalii Kumar, adalci ne a tuna cewa wannan ne babban fim ɗinta na farko, kuma an ɗora mata rawar da ko gogaggiyar jaruma sai ta yi gumi, domin ana so ta zama abar tausayi da abar tsoro a lokaci guda. Ita 'yar marigayi Gulshan Kumar ce, wanda ya kafa T-Series, kuma 'yar'uwar Bhushan Kumar da ke shugabantar kamfanin, saboda haka masu kallo da yawa sun shiga da zaton cewa an shirya fim ɗin ne domin a gabatar da ita. Yadda aka ɗauke ta bai taimaka wajen kore wannan zato ba. Kwalliyarta ba ta gushe ba duk tsawon tsarewar, kuma an tallata fim ɗin da wata tsohuwar waƙar rawa ta shekarun 1980 da aka sabunta, wadda ba ta da wata alaƙa da halin da matar take ciki. Tana da ƙoƙari a wuraren da aka bar ta ta yi fushi, amma darakta ya fi damuwa da kyanta fiye da halinta. Kiɗan da ke bayan hoto shi ma yana yawan riga abin da zai faru, yana ƙara ƙarfi domin ya sanar da cewa ga wurin tsoro, alhali shiru ne ya fi dacewa da gidan da mutum biyu suke sauraron numfashin juna.

Mai kallo Bahaushe ya daɗe da sabawa da finafinan Indiya, kuma ya saba yi musu uzuri a kan waƙa a tsakiyar faɗa da jarumin da harsashi ba ya kama shi. Amma batun ɗan bindiga ya shigo gida ya yi garkuwa da mutum ba almara ba ce a wurin mutanen Zamfara da Katsina da Kaduna da sauran wuraren da suka sha wannan masifa. Wanda ya taɓa zama kusa da iyalin da aka ɗauke musu mutum ya san yadda miji yake kasa haɗiye ruwa, yadda kowa yake zabura idan waya ta yi ƙara, yadda ake auna kowace kalma kafin a faɗa wa wanda ke ɗaya ɓangaren. Irin wannan mai kallo ba zai ga mijin Saanchi yana hira a gindin bene ya yarda ba, kuma zai fi mai kallo na Mumbai saurin gane cewa waɗanda suka rubuta labarin sun ɗauki garkuwa da mutum a matsayin dandalin wasa da hankali kawai.

Ga wanda yake tunanin ko ya ba fim ɗin lokacinsa da datarsa, tsawonsa bai kai awa biyu ba, hotonsa yana da tsabta, kuma wasan Aparshakti Khurana ya isa dalili ga mai son ganin yadda ɗan wasan barkwanci yake rikiɗewa. Wanda yake neman fim ɗin da zai sa ya tashi ya duba ko ya saka sakata kafin ya kwanta, gara ya nemi Kaun. Sannan Dhokha ba fim ba ne da za a kunna a falo tare da yara ko surukai, domin wuraren da Saanchi take jan hankalin Haq suna da yawa kuma an tsawaita su.